Wuƙar Darakta Ta Goma Sha Biyu

Mijin ƙanwata ya yi shekara talatin da biyar a ofis, kuma abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa a wurin shi ne biro. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida da sunan Darakta manne a jikinsa kamar kaska. Har yau haka kowa ke kiransa, har matarsa. Ni ma haka nake kiransa, sai dai ni ina ƙara masa da "ranka ya daɗe", shi kuma bai taɓa gane cewa ba girmamawa ba ce.

Ni direban babbar mota ne, shekara talatin da takwas a kan titi kafin gwiwa ta zaunar da ni. Karatuna bai wuce allon hanya da takardar kaya ba. Ƙanwar tawa ita ce autarmu, Auta muke ce mata ko da yake yanzu jikokinta shida. Ni na riƙe ta bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa in abu ya ishe ta ba ta da wurin kai kuka sai gidana.

Wata uku da yin ritayar ta zo ta zauna mini a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, mutumin nan zai kashe ni."

"Duka ya fara?"

"Da duka ne ai da sauƙi, a yi a gama. Kujera ya kawo kicin."

Ashe tun da ya rasa ma'aikatan da zai juya, sai ya juyo kanta. Gari na wayewa zai sa hula, ya ɗauki kujerarsa ya kafa a ƙofar kicin. Ya manna wa kowane gwangwani takarda, wannan gishiri, wannan sukari, sai ka ce matar da ta yi shekara talatin da uku tana girki za ta manta kamannin gishiri. Ya jera mata cokula daga dogo zuwa gajere. Ya koya mata yankan albasa, shi da bai taɓa tafasa ruwan shayi ba. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi musu wanke-wanke, ya rubuta mata takardar gargaɗi don ta makara da minti ashirin. Ta ninke takardar ta goge gindin tukunya da ita, ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Na ce wa Auta ta yi haƙuri, wannan cutar ba ni da maganinta. Mutumin da ya saba ana miƙewa in ya shigo ɗaki, ranar da aka daina, ko kaza ya samu sai ya sa ta miƙe.

Agaji ta cikin waya ya zo mata. Wata rana Darakta yana latse-latse ya ci karo da bidiyon wasu ƙattin mutane masu gemu suna dukan jan ƙarfe suna fitar da wuƙaƙe. Kwana huɗu bai leƙa kicin ba, yana kallo. A na biyar ya tara iyalinsa, wato Auta ita kaɗai, ya sanar da ita cewa zai shiga harkar ƙira, ba don neman abinci ba, don sha'awa. Auta ta ce mini har sadaka ta yi ranar.

Ya fitar da mota daga gareji ya bar ta a rana. Ya sa aka shimfiɗa farin tayil, aka shafe bango da farin fenti. Ya sayi uwar maƙera sabuwa dal, da guduma bakwai ya rataye su bi da bi, da awartaki kala-kala, da rigar fata ta gaba, da safar hannu, da tabarau irin na masu walda. Ya sayi injin hura wuta mai aiki da lantarki. Har zugazugi na fatar akuya ya samo ya rataye a bango, ba don aiki ba, don ya fito a hoto. Sannan ya sa aka ɗaura manyan fitilu huɗu farare a rufin, irin waɗanda ko allura ta faɗi sai ka ga inuwarta, saboda shi ma zai riƙa ɗaukar kansa a bidiyo yana koyar da duniya. Ya kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku. Har zuwa lokacin bai taɓa miƙe ko ƙusa ba.

Ni aka aika wa in nemo ƙarfe. Na je wajen tsofaffin abokaina na tashar manyan motoci na samo masa ɓallen sifirin, ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin mota, wanda duk maƙerin da ya san kansa zai yi rawa in ya gan shi. Na shiga garejin, hasken ya kashe mini ido.

"Ranka ya daɗe, ƙira za a yi a nan ko tiyata?"

"Yaya ke nan. Wannan ita ce maƙerar zamani."

"Da ka rage fitilun nan. A cikin wannan hasken ba za ka ga jan ƙarfe ba."

Ya yi irin murmushin da ake yi wa masinja in ya sa baki a taron manya.

"Yaya, ƙa'idar farko a wurin aiki ita ce isasshen haske. Maƙeranku na bakin hanya talauci ne ya sa su zama a duhu, ba fasaha ba. Kai dai ka bar mana ɓangaren ilmi, ka riƙe ɓangaren sufuri."

Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ni ban taɓa ƙera ko cokali ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma wanda ya yi shekara talatin da takwas sifirin yana karye masa a daji, ya zauna a rumfar maƙera fiye da yadda wasu suka zauna a aji. In kana so a sallame ka da wuri, kai za ka karɓi zugazugi, maƙeri ya ji da guduma. Kuma duk rumfar da na shiga, a kowace ƙasa, baƙa ce ƙirin, an toshe ta da tsumma da tsohon kwano ta ɓangaren rana. Wani tsoho mai ido ɗaya da na kwana uku a wurinsa shi ya faɗa mini dalili. Ya ce ƙarfe kunya gare shi, ba ya faɗin gaskiyarsa a bainar jama'a, a inuwa ake tambayarsa.

Ga abin da yake nufi. In an gama fitar da siffar wuƙa, sai a ba ta ruwa, wato a mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma ta a mai, nan take ta taurara. Duk ƙirar a wannan jan take. Ja ake so kamar cikin kankana. In bai kai ba, wuƙa ta fito da laushi kamar murfin gwangwani. In ya wuce ya koma ruwan goro ko ruwan ɗorawa, cikin ƙarfen ya ƙone, sai ta fito da taurin kwalba, ta kuma fashe kamar kwalba. To a ƙarƙashin fitilun Darakta, ƙarfen da ya riga ya yi ja baƙi yake gani. Kafin idonsa ya ga ja, abin ya daɗe da wuce gona da iri.

Wuƙa ta farko yana tsoma ta a mai muka ji ƙas! Ya ɗago ta da tsaga tun daga baki har gadon baya. Ya ce gawayin ne ba shi da inganci. Ta biyu ta fita daga man lafiya, ya ɗaure ta a matsi, abin damƙe ƙarfe, ya ɗan lanƙwasa, ta rabe biyu, rabin ya tashi ya fasa masa agogon yabo da ya rataye a bango. Ya ce laifin baƙin man mota ne, ya koma man girki, ya kwashe wa Auta galan guda. Ta uku da ta huɗu, laifin iska. Ta biyar, wai ƙarfen da na kawo ya gaji da aiki.

"Ƙarfe ya gaji, ranka ya daɗe?"

"A kimiyyance, ƙwarai."

"To a yi masa ritaya mana, a ba shi agogo."

Bai yi dariya ba. Bai ma ji ba, yana gyara wuyan riga zai shiga bidiyo.

Don kada ka zaci karyewar wuƙaƙen ta hana shi koyarwa. Kowace Asabar zai tsaya gaban waya, rigar fata tsaf ko ɗigon toka babu, ya ce, "Masu kallona, ga shawarwari biyar ga mai sha'awar ƙira." Ya yi bayanin yadda ake riƙe guduma, da yadda ake tsayawa, da amfanin shan ruwa kafin a fara aiki. Masu kallon nasa goma sha huɗu ne. Auta ɗaya, 'ya'yansa biyar, sauran ina jin tsofaffin ma'aikatansa ne da har yanzu ba su tabbata ba zai iya korarsu ba.

Ni kuwa kowace Asabar ina nan a kan benci a bakin ƙofa. Ana kawo mini shayi, ina sha, ina jiran ƙas. In ya jefar da guntayen sai in ɗauka in duba wurin karayar. Ƙarfe mai lafiya in ya karye cikinsa sumul yake kamar toka. Nasa kuwa tsaki-tsaki kamar ɗanyen gishiri, yana ƙyalli. Makaho ma ya shafa zai ce an ƙona shi. In mayar in ajiye, in ce, "Sai haƙuri, ranka ya daɗe, ilmi ai sannu-sannu ne." Rabona da nishaɗi irin wannan tun ina kan hanya.

Ranar da ta goma sha ɗaya ta karye bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya tsaya yana kallon guntayen a ƙasa, ya cire safar hannu ya ninke. Ya kira Auta.

"Na yi nazarin wannan aiki," in ji shi. "Duk shirin da aka gwada sau goma sha biyu bai ba da sakamako ba, rufe fayil ɗinsa ake yi. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In ta karye, zan sayar da kayan in mai da hankali kan gyaran tsarin gidan nan. Na lura abubuwa sun taɓarɓare tun da na ɗauke ido."

Na ga fuskar Auta ta yi fari kamar tayil ɗin.

Washegari da hantsi tana gidana. Wannan karon ma ba ta zauna ba.

"Yaya, ka san abin da ke karya wuƙaƙen nan."

"Na faɗa masa tun ranar farko."

"Ka faɗa masa sau ɗaya, ya gwasale ka, ka naɗe hannu kana shan shayina kana dariya. Goma sha ɗaya! Kana tsammani ba na hango ka ta taga? Har girgiza kafaɗarka take."

"To ni na ce ya ɗaura fitilun filin ƙwallo?"

"Ni ba shari'a na zo ba. Wata uku ke nan ina yanka albasata yadda na ga dama. Na samu sabuwar mai wanke-wanke da ƙyar. Jiya da yamma na same shi a ƙofar kicin yana auna faɗinta da igiya, wai tebur zai sa. Tebur, Yaya! In wuƙar nan ta karye, wallahi kayana zan kwaso in dawo nan, kai da matarka ku san inda za ku sa ni."

Na dubi ɗakunana biyu, na dubi Auta. Na san ta tun tana rarrafe, ba ta yin rantsuwar banza.

"Sake faɗa masa ba zai yi ba," na ce. "Irinsu ba a ba su magana a hannu. Sai dai a yar musu a hanya, su tsinta, su ce tasu ce. Kin san inda makunnin wutar gidan gaba ɗaya yake?"

"Bayan ƙofar baya, kusa da mita. Amma akwai janareta."

"Bar ni da janareta. Ke dai in kin ji na ce a kawo ruwan sha, ki kashe."

Asabar na zo da wuri. Kafin in yi sallama na bi ta bayan gida na zare wayar fulogin janareta na mayar da ita a saɓule, yadda ido zai ga tana nan amma wuta ba za ta wuce ba. Aikin minti ɗaya ne ga wanda ya yi rayuwa a ƙarƙashin bonet.

Darakta ya riga ya fitar da siffar wuƙar tun ranar Alhamis. In faɗi gaskiya, hannunsa ya fara faɗawa, siffar ba ta da laifi. Saura ba ta ruwa. Ya kunna fitilu, ya kunna inji, ya kunna waya, ya tura wuƙar cikin garwashi. Yau babu shawarwari biyar. Gumi ne kawai ke bin wuyansa.

Na bar shi har ya ɗan zaro ta ya duba ya ce, "Da saura, har yanzu baƙa ce," ya mayar. Sai na ɗaga murya.

"Auta! A kawo ruwan sha!"

Ɗif. Fitilu suka mutu, inji ya yi wani dogon kuka ya yi shiru. Garejin nan ƙofarsa katanga take kallo, ga bishiya a kai, sai ya koma inuwa mai sanyi kamar rumfar tsohon nan mai ido ɗaya. Darakta ya buɗe baki zai fara tsine wa masu wutar lantarki.

"Af," na ce. "Ranka ya daɗe, mene ne wancan ke haske?"

Ya juya. Wuƙar da ya ce baƙa ce tana nan cikin garwashi tana ci bal-bal, ruwan goro mai haske, bakinta har ya fara komawa ɗorawa. Ya zaro ta da awartaki ya ɗaga. Ta haska masa fuska.

"Yanzu fa na duba ta," ya ce a hankali. "Yanzun nan."

"Ikon Allah," na ce.

Ya tsaya riƙe da ita ya manta da man. Muna kallo ta sauko daga ruwan goro zuwa cikin kankana, daga nan zuwa launin hanta, har ta yi baƙi. Ni hakan ya yi mini daɗi. Tsohon nan ya koya mini cewa ƙarfen da aka zalunta da wuta sai an bar shi ya yi ja ya huce a iska sau uku kafin ya yafe. Ɗaya ke nan, kuma ban ce uffan ba.

Sai ya ajiye ta ya nufi janareta. Ina jin sa yana jan igiya, yana ja, yana haki, yana kiran sunan wanda ya sayar masa. Ya dawo hula a karkace.

"Sai dai a ɗage zuwa wani lokaci."

In aka ɗage, fitilu za su dawo.

"Haka ne," na ce. "Ai ƙira ba ta yiwuwa sai da lantarki. Mutanen da, da suka ƙera takubba, Allah kaɗai ya san inda suka samu janareta. Da a ce wancan abin na bango na gaske ne, da na ɗan zuga maka. Amma na san ado ne."

"Wa ya ce ado ne? Na asali ne. Ka san nawa na..." Ya tsaya. Ya dubi zugazugin, ya dubi fitilun da suka mutu, ya dubi wuƙar. Ina ganin maganar tana shiga kansa kamar tirela a lungu, tana gaba tana baya. "Yaya," ya ce, "wani tunani ya zo mini."

"Ai kai ba ka rabo da tunani, ranka ya daɗe."

Na sauko da zugazugin. Fatar ta bushe, na shafe ta da man Auta, na cire bututun inji na ɗaura bakinsa da tsumma da waya. Na zauna a kan akwati na fara. Hannu bai manta ba, kafaɗa ce ta manta. Amma mai zuga shi ke da wuta. Da inji, wuta gudu ɗaya take kamar motar da birki ya tsinke. Da hannu kuwa ina ba ta, ina hana ta, har wuƙar ta hau cikin kankana ta tsaya nan cak.

"Ga shi!" ya ce. "Irin jan da suke faɗa ke nan!"

Ya zaro ta, maimakon ya nufi mai sai ya nufi waya, wai masu kallo su shaida. Kafin ya gama gyara sandar ya samu inda fuskarsa da wuƙar za su fito tare, ta yi baƙi. Biyu ke nan.

Na uku ni na yi. Yana zaro ta na ce, "Tsaya! Kamar ƙadangare na gani ya faɗa man nan." Na tashi da ɗingishina na ɗauki sanda ina motsa bokitin, ina leƙawa, ina neman ƙadangaren da uwarsa ba ta haife shi ba. Ya tsaya yana zagina a cikin ladabi har ta huce.

"Yaya, don Allah in ba za ka taimaka ba kada ka ɓata."

"Tsufa ne, ranka ya daɗe. Ido ya fara ƙarya."

A na huɗu na kai ta cikin kankana na riƙe ta nan, na ce a raina, to bismilla. Ya zaro, ya tsoma. Man ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, wuta ta ɗan lasa ta mutu. Muka kasa kunne, ni da shi da Auta da ke tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Babu ƙas.

Ya goga mata magagari, magagari ya zame bai kama ba, alamar ta yi tauri. Ya kai ta tandar gas ta Auta ya gasa ta awa guda yadda masu gemu suka koya masa, wannan kam sun koya masa daidai. Ana cikin haka wuta ta dawo, don Auta ta gaji da zafi. Ya fito da ita, ya ɗaure a matsi, ya lanƙwasa. Ta lanƙwasu, ya saki, ta dawo ta miƙe. Ya wasa ta ya sari katako, ta shige. Ya ɗaga ta daidai kafaɗa ya sake ta a ƙasa. Tayil ne ya fashe.

Ya zauna a kan bokiti ya cire tabarau. Ya daɗe yana juya wuƙar, yana share ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne. Mutum ne mai shekara sittin da biyu da ya ga abu na farko da hannunsa ya yi wanda ba sa hannu a takarda ba. Na kusa jin tausayinsa. Da ya yi shiru na minti biyar da na ji. Bai kai biyu ba.

Ya miƙe ya gyara hula ya tsaya gaban waya.

"Masu kallona, yau zan bayyana muku sakamakon wani bincike da na daɗe ina yi a ɓoye. Na gano cewa haske mai yawa yana ɓoye ainihin launin ƙarfe. Wannan abu ne da maƙeran gargajiya suke yi ba tare da sun san dalili ba. Na sa masa suna Tsarin Taƙaita Haske." Ya nuno ni da wuƙar. "Wancan yayan maiɗakina ne. Direba ne, bai san ƙira ba, amma yana da juriya."

Na ɗaga wa mutum goma sha huɗu hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na buɗe baki, sai na ji an taka mini ƙafa. Auta ce, tana murmushi tana kallon mijinta kamar yau aka kawo ta.

Da a nan ya tsaya da na yafe. Amma yana kashe waya ya juyo.

"Bincikena ya nuna abu na biyu. Injin nan yana ba da iska fiye da kima. Zugazugi ya fi dacewa. Sai dai ba zai yiwu in riƙe awartaki in kuma zuga ba." Ya dafa kafaɗata, daidai wadda ke ciwo. "Laraba da Asabar, Yaya. Zan so a fara da ƙarfe tara na safe. Akwai gatari da nake da niyya, da lauje, sannan in Allah ya yarda ƙofar ƙarfe ta gaban gida."

"Ranka ya daɗe, ni da gwiwa..."

"Ai a zaune ake yi."

Na yi sallama na fita. Auta ta biyo ni har bakin titi.

"Ba zan zo ba," na ce. "Ki nemo masa wani. Na yi miki abin da kika roƙa."

"Wani zai san inda zai tsayar da wutar? In gatarin ya fashe fa? Fayil zai rufe."

"To sai in ƙare rayuwata ina yi wa mijinki iska?"

"Kwana biyu ne a mako, Yaya. Ni bakwai nake yi." Ta zaro wata 'yar kwalba daga cikin mayafi ta danƙa mini. Man zafi ne, sabo, ko buɗe shi ba a yi ba. Wato tun kafin a kashe wuta ta saye shi. Autar da na goya a kafaɗar nan.

Yau wata bakwai ke nan. An cire fitilu uku, na huɗun an rufe shi da kwali. Tayil ya yi baƙi, rigar fata ta ƙone a wuri biyu. Auta ta yi ƙiba, in ka wuce ta bayan kicin za ka ji tana waƙa. Masu kallo sun kai talatin da ɗaya. Ni kuma Laraba da Asabar ina kan akwati, ina ba wuta ina hana ta, gaturan Darakta suna fita lafiya, yana yi wa duniya bayanin yadda ya yi.

Larabar da ta wuce ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu, yana duban yadda nake zuga.

"A hankali, Yaya. Ba ƙarfi ake so ba, lura ake so. Kana kallon launin kuwa? Ja kamar me na ce maka?"

"Kamar cikin kankana, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ka fara koyo."